Neman kalma: "expansion" da katin da 'yan wasan Magic ke ce wa "broken"

Mai_Shirin_Matasa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shiri, kuma a sashen wasannin duniya furodusa ya ce sai mun taɓo gasar Magic: The Gathering da aka kammala ranar Lahadi, 30 ga Yuni 2024, a Amsterdam. Ga wanda bai san shi ba, wasan katuna ne da wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya ƙirƙiro, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Kowa da katunansa da ya saya ko ya yi musaya, ya tsara guda 60, a zauna mutum biyu, kowa da maki 20 na rai, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Lokaci-lokaci kamfanin kan saki sababbin katuna a dunƙule da suna guda. Na lokacin gasar shi ne Modern Horizons 3, ya fito 14 ga Yuni 2024.

Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: wannan sakin da suke kira "expansion", da kuma katin da ya yi ƙarfi har suke ce masa "broken". Ba na son in yi ta ingausa a iska.

Ɗan_Kurmi
Wa'alaikis salam Anti. Na farko dai "sabon zubi", ki wuce wurin. Na biyu kuwa kada ki kuskura ki ce karyayyen kati, mai sauraro zai ɗauka yaro ne ya taune shi.

Uwar_Biyu
Ni "fitowa" ta fi kwanta mini, yadda ake cewa mujalla fitowa ta kaza. Ko "zango", tunda yanzu kowa ya saba da zango na uku, zango na huɗu a finafinai masu dogon zango.

Ɗan_Kurmi
Zango labari ne yake ci gaba, Hajiya. Nan kuwa kaya ne aka zuba kasuwa, aka cuɗa su da tsofaffi.

Malam_Nahawu
Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata, amma tunda kin tambaya. Kafin a je ga zubi ko zango, wa ya yanke cewa "kati" ne? Bahaushe yana da sunan wannan abu tun kafin a haife ku: karta. Kati na waya ne da na zaɓe da na ɗaurin aure. Abin da ake rabawa a zauna a buga, karta sunansa. Idan kuma ana son Hausa tsantsa, a ce takardun wasa, a huta da aron Turanci.

Mai_Shirin_Matasa
Baba Malam, in na ce "gasar karta" a rediyo, kafin in sauka daga kujera iyaye sun cika layin waya cewa muna koya wa yara caca. Sunan wasan ma kaɗai na sha fama da shi, don wani ya ce in fassara shi. Na ce a'a, sunan kaya ne, a bar shi yadda yake.

Mai_Buga_Magic
Ni ina buga shi ta intanet, bari in faɗi abin da kalmar ke nufi kafin a raɗa mata suna, don na ga za a haɗa abu biyu wuri guda.

A wannan zubin akwai katuna masu ƙarfi da yawa. Ga Phlage, wanda da ka ajiye shi zai cire wa abokin karawarka maki 3 ko ya kashe masa ƙaramar halitta, kai kuma ya ƙara maka rai 3, sannan daga baya ya dawo daga cikin matattun katuna ya ci gaba da dukan. Ga Ajani, ga Ocelot Pride, ga Psychic Frog. Duk waɗannan ana jin jiki a hannunsu, amma wasa ne ake yi, kai ka buga ni in buga.

Nadu daban ne. Tsuntsu ne, kuɗin ajiye shi 3 kacal, ƙarfin duka 3, juriya 4, yana tashi sama. Abin da ke rubuce a jikinsa shi ne: duk halittarka da aka nuna da wani kati ko wata baiwa, ka buɗe katin da ke saman tarinka; in katin ƙasa ne (irin katin da ke samar da kuɗin ajiye sauran katuna a wasan) ka shimfiɗa shi nan take, in ba shi ba ne ka ɗauka a hannu. Sau biyu kowace halitta a kowane zagaye. Sai 'yan wasa suka tono wani tsohon kati na 2005 mai suna Shuko, wanda ba wanda ya damu da shi, makami ne da ake ɗaura wa halitta kyauta, ba a biyan komai. To ka ɗaura wa wannan, ka buɗe kati, ka cire ka ɗaura wa waccan, ka buɗe kati. Ka haɗa da Springheart Nantuko, mai haifar ƙwaro duk lokacin da katin ƙasa ya sauka, kowane sabon ƙwaro kuma da nasa sau biyun. Haka mutum zai yi ta jan katuna har ya kwashe tarinsa kaf, abokin karawarsa na zaune ya yi tagumi, ba shi da abin yi sai kallo, wani lokaci minti da minti.

A Amsterdam, cikin takwas ɗin da suka kai matakin ƙarshe biyar Nadu suka riƙe. Simon Nielsen ɗan Denmak ya ci kofin da shi, wanda ya kayar a wasan ƙarshe, Sam Pardee, shi ma Nadu ne a hannunsa. Saboda haka "broken" ba kirari ba ne zalla. Akwai zargi a ciki, cewa masu ƙera katin sun yi sake. Bayan gasar an yi ta kiran a haramta shi, kamar yadda aka yi wa katin Hogaak na zubin Modern Horizons na farko a 2019.

Ƙirƙirau
Alhamdu lillahi, an zo wurin. GAGARAKATI. Gagara da kati. Gajere, mai daɗin faɗi, ba a taɓa jin sa ba. Jam'i gagarakatai. Anti ki rubuta kawai, shekara biyar nan gaba za ki gode mini.

Uwar_Biyu
Kai ba kai ne ka kawo mana "tafiyau" wancan watan ba?

Ƙirƙirau
Kuma har gobe tana nan, ku ne ba ku da hangen nesa. Bature ya zauna ya ƙera kalma ku haddace, ɗan'uwanku ya ƙera ku yi dariya. Wannan ita ce cutarmu.

Malam_Nahawu
Ba dariya ba ce, ɗana, ginin ne a karkace. Duba irin waɗannan harɗaɗɗun: ɓata-gari, fasa-ƙwauri, dafa-duka, gagara-gasa. Aikatau ne a gaba, abin da aikin ya faɗa wa a baya. Gagara-gasa shi ne wanda ya gagari gasa. To gagara-kati shi ne abin da ya gagari kati, ba katin da ya gagara ba.

Ƙirƙirau
To ai shi ke nan Malam, ka ba ni gaskiya da bakinka. Nadu ya gagari sauran katuna. Gagarakati.

Ɗan_Kurmi
Ashe almakashi ma gagarakati ne.

Ƙirƙirau
Ku yi ta yi. Na riga na sa ta a shafina.

Ɗan_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan "kart" muke ji a bakin 'yan lakwal, karta kuma a bakin kowa, ba mu san kati ba sai a rediyonku. Kullum in za a yanke kalma sai a yanke ta a Kano a aiko mana kamar sanarwar hakimi. Sannan Malam, da girmanka, takardar da kake cewa tsantsa ita ma baƙuwa ce. Daga bakin Buzaye muka karɓe ta, su kuma asalinta "charta" ce ta Latin, wadda ita ce kakar "carte" ta Faransanci da "card" ta Ingilishi. Kati, karta, takarda, tsatsonsu ɗaya, hanya ce kowa da wadda ya biyo. Ɗaya ta ratso Sahara a kan raƙumi, shi ya sa ta riga sauran zama 'yar gida.

Malam_Nahawu
Na san wannan tun kana goye. Baƙon da ya shekara ɗaruruwa a gida, ya yi jam'i irin namu, takardu, ba ɗaya yake da wanda ya sauka jiya ba.

Uwar_Biyu
Kati ma ai ya yi jam'i, Malam. Katuna. Har alkalin wasa na ba da jan kati ba wanda ya ce a fassara.

Ɗan_Damagaram
Maganata ba ta jam'i ba ce. A riƙa tuna cewa rediyo ba ta tsayawa a kan iyaka, Maraɗi ma ana kama ku.

Ɗan_Kurmi
To ku ma ku buɗe naku zauren ku aiko mana, wa ya hana?

Mai_Shirin_Matasa
Don Allah Yaya, kada a mayar da shi Kano da Damagaram, wannan yaƙin an gama shi tun zamanin kakanni. Ɗan'uwa na Zinder, na ji, zan ce "katunan wasa, wato irin na karta amma ba na caca ba" sau ɗaya a farko, kowa ya gane. Yanzu a dawo kan Nadu.

Mai_Buga_Magic
Shawarata a raba su biyu. Irin su Phlage a ce "gagarau", ko "zakarun zubin". Nadu kuwa, bisa ginin da Malam ya nuna, me zai hana "ɓata-wasa"? Shi ne ainihin abin da yake yi. Ba cin ka da ya yi ne ke da ciwo ba, hana ka bugawa ne.

Uwar_Biyu
Ɓata-wasa ta zauna. Yaro ma zai gane ba yabo ba ne. Kuma ta shiga jimla: "Nadu ya zama ɓata-wasa a sabon zubin."

Ɗan_Kurmi
Sai dai ɓata-wasa ya fi kama da mutum, irin wanda in an ci shi ya watsa dara. Ni da "ya fi ƙarfin wasa" aka ce.

Mai_Buga_Magic
Wannan bayani ne Yaya, ba suna ba. A yi amfani da shi wajen fassara sunan. Akwai kuma wata da za ta ba ki dariya Anti: abin da ake biyan kuɗin kati da shi a wasan sunansa "mana". In kika ce "ba ni mana mana" a iska sai an yanke shirin. Ki ce "kuɗin ajiye kati" ki tsallake.

Malam_Nahawu
Ɓata-wasa ginin daidai ne, ba ni da ja a nahawunsa. A sa karan ɗori a tsakani, a furta ɓata ɗin da sautin ƙasa kamar na ɓata-gari. "Zubi" kuma na bar muku, ko da yake adashi yake tuna mini. Amma kati ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. A rubuta cewa na ce karta.

Ƙirƙirau
Wato an ɗauki ginin gagarakati an canza masa riga an ba wani. Ba komai. Anti ko sau ɗaya ki ambace ta, ki ce "wasu kuma na cewa".

Mai_Shirin_Matasa
Wasu su wa, Ƙirƙirau? Kai kaɗai ne.

Ga abin da zan shiga da shi: sabon zubi, katunan wasa, gagarau ga masu ƙarfi, ɓata-wasa ga Nadu. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura ƙaramar ledar nan da ake sayar da katunan a ciki a rufe, guda 14, ba ka san me ka saya ba sai ka yage. Na rubuta "ƙunshi" da fensir.

Ɗan_Damagaram
Ƙunshi na lalle ne. Ƙulli.

Malam_Nahawu
Ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, sannan ku ce mini ba karta ba ce.