Takobin fareti na marigayi mahaifina: zan iya riƙe shi in yi tafiya da shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina tsohon hafsan soja ne, ya rasu bara, kuma da aka raba kayansa takobinsa na fareti ya faɗo hannuna. Miƙaƙƙe ne, ba shi da kaifi, akwai zane a jikin ƙarfen da wata lamba kusa da ƙota. Ni ba soja ba ne, kuma a wata ƙasa nake aiki. Ina so in tafi da shi can, kuma ina da burin in rataya shi ranar taron tunawa da tsofaffin sojoji. Doka za ta bar ni? Ba na so abin da Baba ya riƙe da daraja ya ƙare a ɗakin ajiyar kwastan.

Wani tsohon hafsa:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba. Kafin maganar jirgi, fara gano takobin na wane ne. Wani hafsa da kuɗinsa yake saya, wani kyauta ake ba shi, kamar takobin girmamawa da makarantar Sandhurst ta Ingila ke bai wa ɗalibin da ya fi fice. Amma akwai wanda rundunar ke ba da aro, kuma wannan ba ya shiga gado. Rubuta wa rundunar da ya yi aiki, ka haɗa da hoto da lambar, su ba ka amsa a rubuce. Batun ratayawa kuwa, ka haƙura. Takobin fareti ɓangare ne na kaki, mai muƙamin ne ke ɗaura shi. Idan kana so a gan shi a taron, nemi izinin masu shiryawa a ajiye shi kan tebur kusa da hotonsa.

Wata lauya:
Ƙanina, mallaka daban, fita da shi bainar jama'a daban, kuma kowace ƙasa da dokarta. Ga misalin Ingila. Sashe na 139 na dokar laifuka ta 1988 ya haramta riƙe abu mai kaifi ko tsini a wurin jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara 4. Uzurin da dokar ta ambata shi ne aiki, addini ko tufafin al'ada, kuma kai ne za ka tabbatar wa kotu da dalilinka. Kada ka dogara da cewa naka ba shi da kaifi: a 2005 wata kotu a can ta ce ko dakusasshiyar wuƙar shafa bota tana cikin dokar. Sannan tun 2008 sun hana sayarwa da shigo da lanƙwasasshen takobi mai tsawon santimita 50 ko fiye, sai wanda aka ƙera kafin 1954 ko aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya. Da yake naka miƙaƙƙe ne, wannan ba za ta shafe shi ba, amma ƙasar da za ka je tana iya samun nata sharaɗin. Tambayi kwastan ɗinsu kafin ka sayi tikiti, ka ajiye amsar.

Wani mai yawan tafiya:
Ba ya shiga jakar hannu ko kaɗan. Cikin manyan kaya ake sa shi, a kubensa, a naɗe sosai cikin akwati mai ƙarfi. Sanar da kamfanin jirgin tun da wuri, ka kuma bayyana shi da bakinka idan ka sauka. Duba dokar ƙasar da za ku yada zango ma.

Wani mai tara tsofaffin takubba:
Duba ƙotar da kyau. Idan fara ce mai siraran layuka masu gilma juna, wataƙila hauren giwa ne, kuma yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini. Yawancin miƙaƙƙun takubba irin samfurin Ingila na 1897 fatar kifi ake naɗa musu da siririyar waya. Idan ƙirar kamfanin Wilkinson na Ingila ne, lambar nan za ta nuna shekarar da aka yi shi, don sun fara sa lamba tun 1854, suka daina ƙera takubba a 2005. Don Allah kada ka wasa shi, kada ka goge shi da abu mai kaushi, zanen zai tafi. Gumin yatsa yana jawo tsatsa, kuben fata kuma yana riƙe danshi, saboda haka ka riƙa zare shi kana shafa masa ɗan mai da tsumma mai laushi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ƙotar yanzu, baƙa ce mai ƙurji-ƙurji da waya a nannaɗe. Gobe zan rubuta wa rundunar. Ranka ya daɗe tsohon hafsa, wane ofishi ya kamata in fara tuntuɓa, na kula da tsofaffin sojoji ko na ajiyar kayan aiki?