Muhawara a kan waken gwangwani da hotdog: shin ya cancanci a kira shi garau-garau?

Maman Ilham, daga Boston: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo ne da wani abu da ya tsaya mini a rai tun daren Asabar, kuma na san idan ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba. Yayar maigidana ta zo mana ziyara daga gida, kuma a ranar na dawo daga aikin awa 12 a tsaye, ƙafafuna a kumbure, ga sanyin Janairu yana ratsa ƙashi. Sai na yi abin da na saba yi wa yara a irin wannan dare: na yayyanka hotdog na naman sa, wato niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa dogo-dogo, guda 8 ƙanana-ƙanana, na soya su da albasa babba a ɗan mai har gefensu ya yi ja, na juye manyan gwangwanaye 2 na dafaffen wake, na zuba cokali 2 na ketchup da cokali 1 na mustad, na jefa attaruhu ɗaya da ɗan yajin da na zo da shi daga gida, sannan na rage wuta na bar shi minti 15 har ya yi kauri. Na gasa burodi na ajiye a gefe. Duka-duka ban kashe dala 15 ba, alhali mu 6 ne a gidan.

Hajiya ta buɗe kwanon, ta dube shi, ta mayar da murfi, ta tambayi ƙanenta a gabana ko yau ba a ɗora tukunya ba ne a gidan. Wallahi na ji zafin maganar har cikin raina. Abincin nan ba abin raini ba ne. A wannan yanki na arewa maso gabashin Amurka, wake da hotdog shi ne tsohon abincin daren Asabar, kuma wata dattijuwa maƙwabciyata da ta koya mini shi ta ce da shi aka raine su. Birnin Boston kansa laƙabinsa garin wake, saboda tun zamanin Kiristoci 'yan Puritan ake dafa wake a tukunyar ƙasa ranar Asabar don kada a hura wuta ranar Lahadi. Abin da nake cewa shi ne, macen da ta ciyar da iyalinta abinci mai ɗumi da ɗan kuɗi kaɗan bayan ta wuni tana aiki ba ta yi laifi ba. Wannan shi ne garau-garaun Amurkawa, kuma ban taɓa ganin an raina garau-garau a gida ba.

Malam Balarabe, daga Kano: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki haƙuri, ƙanwata, amma ina roƙonki ki janye kalmar garau-garau daga wannan zance. Garau-garau shinkafa ce da wake, a tsane, kowace ƙwaya tana zaman kanta, a zuba mai da yaji da gishiri, mai hali ya ƙara salak da tumatir da soyayyen kifi. Sunan ma daga tsanewar ya samo asali. Abin da kika bayyana kuwa wake ne yana iyo cikin romo mai zaƙi, babu ko ƙwayar shinkafa a cikinsa, to ta ina ya zama garau-garau?

Maman Ilham: Yaya Balarabe, ban ce iri ɗaya ba ne a baki. Na kwatanta su ne ta fuskar araha da sauƙi da kwantar da yunwa.

Malam Balarabe: Kwatancen ne bai hau ba, domin wanda ya buɗe gwangwani bai tsince wake ba, bai wanke ba, bai jira kanwa ta yi aikinta ba. Garau-garau yana da araha, gaskiya ne, amma ba ya da sauƙin da kike nufi, kuma duk wadda ta taɓa caɓe shi a gaban baƙi ta san haka.

Anti Rabi, daga Zariya: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne zaƙin. Na taɓa ɗanɗana irin waken nan a gidan ɗiyata, sai na ji kamar an narka mazarƙwaila a cikin faten wake. Ta ce mini da baƙin ruwan rake mai kauri ake dafa shi, ko da jan sukari. Idan har za a nema masa ɗan'uwa a abincinmu, to faten wake ne ɗan'uwansa, shi ma ɗan'uwa na nesa. Amma Malam Balarabe, yadda kake magana sai ka ce Kanawa ne suka ƙirƙiri haɗa shinkafa da wake. Mu ma a Zazzau da shi muka tashi, kuma shinkafa da wake muke ce masa tun kafin mu ji wannan suna naku.

Malam Balarabe: Hajiya, ban ce mu muka ƙirƙira ba, amma sunan namu ne, kuma a duk inda aka ce garau-garau Kano ce ke faɗo wa mutum a rai.

Injiniya Lawal, daga Ohio: Ina ganin akwai abin da ya kamata a fara daidaitawa kafin a ci gaba, wato waken kansa. Waken da ke cikin gwangwanin kamfanin Bush's ko na Heinz ƙaramin farin wake ne da Amurkawa ke kira waken sojan ruwa, saboda rundunar ruwansu ta daɗe tana ciyar da dakarunta da shi, kuma asalin danginsa daga nahiyar Amurka yake. Waken da muke nomawa a ƙasar Hausa wata shuka ce daban, asalinta Afirka, kuma ita ce ake sayarwa a nan da sunan wake mai baƙin ido. A kudancin Amurka baƙaƙen fata suna dafa shi da shinkafa ranar sabuwar shekara, suna kiran abincin Hoppin' John. Saboda haka idan ana neman garau-garaun Amurkawa na gaskiya, wancan ne, ba na Maman Ilham ba, sai dai su da naman alade suka saba dafa shi.

Alhaji Isufu, daga Maraɗi: Injiniya ya yi gaskiya a kan wake, amma ya manta bai faɗi inda waken yake fitowa ba. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wannan wake, Nijar ce ta biyu, kuma buhunan da ake lodawa daga Maraɗi da Damagaram zuwa kasuwar Dawanau ba su ƙirguwa. Malam Balarabe yana alfahari da garau-garau, alhali wataƙila waken da ya ci jiya a gonar ƙauyenmu aka roro shi.

Malam Balarabe: Alhaji, noma daban, girki daban. Auduga ma ana noma ta a wurare da yawa, amma ba kowane gari ne ya shahara da rini ba.

Hajiya Memuna, daga Bronx a birnin New York: Ni 'yar zangon Kumasi ce, kuma na yi shiru ne ina sauraron ku har aka zo inda ba zan iya ci gaba da shiru ba. Abincin da duk Gana take alfahari da shi a yau, wanda ake kira waakye, sunansa daga kalmarmu ta wake ya fito, kuma matan zango ne suka shahara da dafa shi. Da jan karan dafi muke dafawa, shi ke ba shi launinsa, mu ci da shito, wato soyayyen yajin 'yan Gana, da garin rogo da taliya da ganda da dafaffen ƙwai. A nan Bronx kuna iya samunsa da safe a gidajen abincin 'yan Gana. Idan maganar wanda ya ɗaukaka shinkafa da wake a idon duniya ake yi, to ku yi haƙuri, ba mai da yaji ba ne suka yi wannan aiki.

Anti Rabi: Hajiya Memuna, taliya a kan shinkafa kuma a kan wake? Wannan ai tarin abinci ne, ba haɗi ba.

Hajiya Memuna: Anti, sai kin ci sannan za ki yanke hukunci. Ni na ci naku na kuma ci namu.

Malam Nuhu, daga Kaduna: Ku yi mini afuwa, amma kun bar babban abu kuna jayayya a kan suna. 'Yar'uwa Maman Ilham, kin karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin kuwa? Waken Bush's na asali da naman alade ake sarrafa shi, haka kuma akwai waɗanda sunansu ma a fili yake, alade da wake. Shi hotdog ɗin kuma, da yawansu haɗin kaza ne da talotalo da alade, wasu ma fatar da ake ɗura naman a ciki hanjin dabba ce da ba a faɗi irinta ba. Ko sunan kansa abin ƙyama ne, tunda kare yake nufi, har hukumar addinin Musulunci ta Maleshiya ta taɓa neman wani kamfanin abinci ya cire wannan kalma daga sunan abin da yake sayarwa a shekarar 2016. Wataƙila abin da Hajiya ta gani ke nan ta rufe kwanon.

Maman Ilham: Malam, Allah Ya saka da alheri da tunatarwa, amma shekarata 9 a ƙasar nan, kuma ba na sa komai a kwandon sayayya sai na karanta bayansa. Waken da nake saye shi ne wanda aka rubuta wa na marasa cin nama, babu alade babu kitsensa. Hotdog ɗin kuma ko dai na shagon halal, ko na kamfanin Hebrew National, wanda zallan naman sa ne yankan Yahudawa. Hajiya ba ta tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Malam Nuhu: Na shagon halal babu magana. Na biyun kuwa ni ba zan ci ba, domin ban ga wanda ya yanka ba.

Ustaz Kabiru, daga Katsina: Malam Nuhu, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, kuma malaman tafsiri sun fassara abincin da yankansu. Yahudawa ma sun fi kowa tsanantawa wajen yanka da tsiyayar da jini. Ka ƙi ci don tsantseni, wannan haƙƙinka ne, amma kada ka jefa shakka a zuciyar baiwar Allah da ke zaune a inda ba kowace unguwa ce ke da mahauci Musulmi ba.

Malam Nuhu: Ustaz, yankan mutum ɗaya da wuƙarsa daban yake da na masana'antar da ke sarrafa dubban shanu. Ban haramta ba, na faɗi matsayina ne.

Dakta Safiya, daga Abuja: Tunda an zo kan hotdog, bari in ƙara abin da ya shafi fannina. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kusan kashi 18 cikin 100, kuma hotdog guda ɗaya ya kusa wannan nauyi. Sau ɗaya a mako ba abin tashin hankali ba ne, amma gishirin da ke cikinsa da sukarin da ke cikin waken ba ƙanana ba ne. Shi garau-garau aƙalla ka san abin da ka zuba da hannunka.

Alhaji Isufu: Dakta, har da ludayin man da ake kwarara masa da dunƙulen magin da ake marmasawa a cikin yaji?

Dakta Safiya: Wannan kuma ya danganta da hannun mai zubawa, Alhaji, ba laifin abincin ba ne.

Malam Aminu, mai kula da zaure, daga Kano: 'Yan'uwa, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma domin a rufe. Na farko, kusan kowa ya amince cewa kalmar garau-garau ba ta dace da abincin gwangwani ba, kuma bayanin Malam Balarabe a kan asalin sunan babu wanda ya iya ture shi. Na biyu, Injiniya ya tabbatar mana cewa waken ma ba irin namu ba ne, Dakta kuma ta nuna cewa namu ya fi lafiya. Na uku, 'yan'uwanmu na Zariya da Maraɗi da Gana sun kawo nasu bayanai masu amfani, waɗanda duka suka nuna irin nisan da wannan abinci na Kano ya kai. Maganar yanka mun bar wa malamai. Ita kuma 'yar'uwarmu muna ba ta haƙuri, muna kuma ba ta shawara ta riƙa ajiye shinkafa da wake na gida saboda baƙi.

Hajiya Memuna: Malam Aminu, ban ce waakye daga Kano ya zo ba, kuma ina so a gyara wannan kafin a rufe.

Maman Ilham: Na gode wa kowa, kuma na janye kalmar garau-garau tunda ita ce ta ɓata wa Yaya Balarabe rai. Amma har yanzu babu wanda ya gaya mini ko na yi laifi da na ba baƙuwata abin da nake ba 'ya'yana a daren da ba ni da ƙarfin tsayuwa a gaban murhu. Hajiya tana nan sai ƙarshen wata, kuma Asabar mai zuwa ma aikin awa 12 ne da ni.