Datsun 240Z ta marigayi Baba: in na sauya mata inji kuɗinta zai faɗi?

Abu Ammar, Jidda:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar tsofaffin motoci. Baba Allah ya jiƙansa ya bar mana Datsun 240Z ƙirar 1972, ruwan goro, tun kafin a haife ni ya saye ta a hannun wani, kuma tunda ƙafarsa ta fara ciwo take ajiye a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol, yau shekara goma sha ɗaya kenan. Satin da ya wuce na yaye tamfol ɗin, wallahi har carbinsa na nan rataye a madubi, kujerar direba ta lotsa daidai zamansa, dashbod ya tsage wuri biyu saboda rana. Mun sa sabon batir mun zuba mai ta tashi, amma tari take yi kawai dan kafireta biyun duk sun toshe.

Injinta na asali ne, L24 mai silinda shida, giya huɗu. Wani abokina mai warsha, wato gareji, a sana'iyya unguwar makanikai yace in cire shi a saka injin 2JZ na Toyota Supra, a yanke mudgad a faɗaɗa shi dan manyan taya su shiga, a mayar da ita baƙa a sa mata mukayyif wato AC, kuma gaskiya raina ya biya. Matsalar ita ce motar ba tawa bace ni kaɗai, gado ce, mu biyar ne har da Hajiya, ƙannena mata sunce in riƙe in gyara in hau amma duk ranar da aka sayar kowa a bashi rabonsa. To in nayi wannan aikin kuɗinta ƙaruwa zai yi ko faɗuwa?

Baffa Makaniki, Makka:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka yasa ya huta. Kafin komai ka buɗe bonet ka duba wata ƴar faranti da aka manna a jikin ƙarfe cikin ɗakin inji, akwai lambar bodi akwai lambar inji a kanta, sai ka goge jikin injin da tsumma ka ga ko lambar da aka buga masa ita ce ta kan farantin. In sun zo ɗaya to abinda ke hannunka ba ƙaramin abu bane, dan da yawa cikin irin motar nan an riga an sauya musu inji tun tuni, kuma mai saye na gaske abinda zai fara dubawa kenan tun kafin ya kalli fenti.

Ni a shekaruna na aiki gyara iri biyu na sani. Akwai wanda sifana ta ɗaura sifana zata kwance, akwai wanda sai an kawo injin yanka da walda. Na farkon yi abinka, lagireto na alminiyom saboda zafin ƙasar nan, ka cire filatin ka sa na lantarki, sabbin shokozoba, ko ka ɗauko giya mai biyar ta 280ZX dan tana zama ba tare da an yanka komai ba, sharaɗin kawai duk abinda ka cire ka wanke shi ka shafa mai ka sa a kwali ka rubuta sunansa, har noti kar ka yar. Amma mudgad in aka yanke an yanke, ko ka dawo ka liƙa wani mai ido zai gani. Shi kuma 2JZ ai ba inji kaɗai zaka saya ba. Motar nan nauyinta tan ɗaya da ɗan abu, injinta doki wajen 150 yake bayarwa, birkin baya ma na ganga ne, in ka ɗora mata ninki biyu ko uku na wannan ƙarfin dole ka sauya giya da difiransha da birki da tankin mai da wayoyi, ka ƙara mata ƙarfe a ƙasa dan kar jikin ya murɗe, kaga daga nan sunan Datsun kawai ya rage. Na sha ganin irin aikin nan ya tsaya a rabi, kuɗi sun ƙare, mota na zaune a bakin warsha shekara biyu ƙura ta rufe ta, ƙarshe a sayar da ita kuɗin tashlih, wato wa masu kwance matattun motoci.

Ɗan Kurnish:

Baffa da girmanka amma ni ban yarda da duka ba. Mota dan a hau aka yi ta ba dan a ajiye ana kallo ba, wanda ya taɓa shiga go-sulo na Jidda a watan bakwai cikin mota mara mukayyif yasan abinda nake faɗi, in Yaya Abu Ammar ya barta yadda take sau nawa zai fito da ita a shekara, sai dai lokacin sanyi da daddare. Kuma ba gaskiya bane ace duk motar da aka taɓa kuɗinta faɗuwa yake, ga kamfanin Singer can a Kalifoniya suna ɗaukar tsohuwar Porsche 911 ta wajen 1989 zuwa 1994 su kwance ta gaba ɗaya su sake ginawa yadda suke so, kuma kuɗinta ya ninka na wadda ba'a taɓa ba nesa ba kusa ba. Samarin yanzu masu kuɗin saye da Supra da Skyline suka taso, in sukaji 2JZ ko RB26 na Skyline a cikin Z hankalinsu tashi yake. Ni dai inaga in aikin yayi tsafta akwai masu saye.

Abu Salma, Riyad:

Allah ya gafarta wa Baba. Ni saye da sayar da mota ne sana'ata, bari in faɗi abinda nake gani a kasuwa ba abinda nake so ba. Ɗan Kurnish maganarka akan Singer haka take, amma mai sayen Singer sunan kamfanin yake saye da tabbacin aikinsu, aikin warshar unguwa komai kyansa ba wanda zai biya kuɗin suna akansa. Motar da aka sauya wa kama an ɗinka ta ne daidai jikin mutum ɗaya, kai kana son baƙa mai faɗin taya, mai saye zai zo yace shi fara yake so kuma RB yafi so akan 2JZ, sai ya fara lissafin abinda zai kashe ya warware naka yana cirewa daga farashi. Ku shiga Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ku duba da kanku, kullum zaka ga an rubuta an kashe mata kaza ana neman kaza, kuma na biyun bai kai na farkon ba.

Wadda take yadda kamfani ya fito da ita kuwa kasuwarta bata tsaya a Saudiyya ba, ɗan Kuwait zai nema, ɗan Dubai zai nema, har Amurka da Japan. A watan Janairun 2020 an sayar da 240Z ƙirar 1971 a shafin gwanjon motoci na Bring a Trailer akan dala 310,000, in ka buga da riyal 3.75 kan kowace dala ya haura riyal miliyan ɗaya da dubu ɗari, kuma abinda ya kai ta nan shine ba'a taɓa ta ba kuma tafiyarta mil dubu ashirin da ɗaya ne kacal. Ba cewa nake taku zata kai ko kusa da haka ba, kar a ɗora rai, ina nuna maka inda kuɗin yake karkata ne.

Sai maganar takardu wadda samari basa son ji. Sauya launi ko sauya fasalin mota sai da izinin murur wato ƴan sandan hanya, in ba haka ba mukhalafa ce wato saɓa doka, kuma istimara, takardar rajistar mota, bata sabuntuwa sai motar ta wuce fahas, wato gwajin lafiyar mota. Mota mai shekara goma sha ɗaya a ajiye nasan istimararta ta daɗe da mutuwa, ga ta da sunan marigayi, to ka fara da wannan tukunna, a fitar da takardar magada ƴan uwa su baka wakilci a mayar da ita sunan wanda aka yarda. Kuma tunda haƙƙin ƙannenka mata da na Hajiya na ciki, ni a ganina baka da damar yanka ƙarfen nan sai ka zaunar dasu ka faɗa musu ƙarara cewa aikin zai iya rage musu rabo. In son 2JZ ɗin ya matsa maka nemi wata Z da injinta ya riga ya mutu ka saya da kuɗinka kayi yadda kaga dama.

Abu Ammar, Jidda:

Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baffa na duba yanzu bayan la'asar da tocilan waya, lambar injin da ta farantin ɗaya ce, na ɗauki hoto na tura wa ƙannena. Maganar Abu Salma akan haƙƙi ta shige ni wallahi dan ban kalli abin ta nan ba. Yanka dai na fasa, launi ma zan barshi. Amma mukayyif ɗin nan Ɗan Kurnish yayi gaskiya, Hajiya tace tana so in kai ta bakin teku a ciki kamar yadda Baba yake kai ta, kuma bazan saka ta a zafin nan ba. Shima yana rage kuɗin ne?

Baffa Makaniki, Makka:

Alhamdulillahi da lambar ta zo ɗaya. Mukayyif ba matsala, akwai wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin dashbod, da yawansu tun a zamaninsu dillalai ne suke saka musu irinsa bayan an saya, kawai ka tsaya a kansu kar su huda dashbod ɗin ko su yanka wayoyin asali. Amma kafin ka kashe riyal ɗaya akan wannan ka ɗaga ta sama tukunna, dan ciwon motar nan tsatsa ne, ga iskar Jidda mai gishiri, ga tamfol yana riƙe laima, kuma ban sani ba ko ruwan ambaliyar Jidda na 2009 ko na 2011 ya shiga gidanku. Ka ɗaga kafet ka duba ƙasan ƙafar direba da na mai zaman banza, ƙarƙashin batir, ramin safaya, da dogayen ƙarafan nan biyu da suka bi ta ƙasa, ka riƙa dannawa da sukudireba a hankali, inda ya nutse ka zagaye da alli ka ɗauki hoto. Kuma kar ka sake tada ta da tsohon man da ke tankin nan, a sauke tankin a wanke, a sauya tiyon mai da na birki duka. Ranar Asabar ina da shigowa Jidda sayen kaya, in kana gida bayan azahar zan biyo in ga kafiretan da idona.