Dordogne ko Ardèche: wane bakin kogi ya fi dacewa da ƙananan yara?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa kwana a tanti a kudancin Faransa, ku taimaka mini da shawara. Muna shirin hutun Agusta da maigida da yara, zaɓi kuma ya tsaya kan wuri biyu: sansanonin bakin kogin Dordogne, wajajen La Roque-Gageac, da na kogin Ardèche kusa da Vallon-Pont-d'Arc.

A hoto Ardèche ya fi ɗaukar ido, ga katafaren dutsen nan da kogin ya huda ya wuce ta ƙarƙashinsa. Babban ɗanmu tun da ya gani ya kafe, shi sai can. Amma a Agusta kogin cike yake maƙil da kwalekwale, yankin kuma ya yi ƙaurin suna wajen ambaliyar farat ɗaya, ko da yake an fi ganinta a Satumba da Oktoba. Dordogne ya fi faɗi da natsuwa, ga garin Sarlat kusa in ruwan sama ya hana wasa.

Inda na maƙale shi ne autarmu. Ba ta iya iyo ba, kuma da ka kau da ido ta nufi ruwa. Kowane sansani cewa yake yana bakin kogi, ba mai nuna yadda gaɓar take: tsakuwa ce mai gangara a hankali, ko zurfi ne nan take? Gara mu karɓi filin kafa tanti can baya, nesa da kogin, ko da ba inuwa? Sannan taurarin da ake ba sansanoni, 1 zuwa 5, sun shafi tsaron yara, ko banɗaki da wurin ninkaya kawai ake dubawa?