Gem mai bindigar harbin agwagwa, shi ne na farko a duniya?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya muna kwashe kayan ɗakin Hajiyarmu za a yi fenti, sai ga gem ɗinmu na yarinta a ƙarƙashin gado, fari da ja, har da kaset ɗin nan ruwan ɗorawa mai cewa wasanni 9999 ne a ciki (ƙarya, ba su fi goma ba, maimaituwa suke yi). A kasuwar Sabon Gari Baba ya sayo mana. Na hura kaset ɗin kamar yadda muke yi a da, na jona, sai ga shi ya kawo! Bindigar ce dai ta ƙi kashe agwagwa ko ɗaya a filasma. Na ce wa ɗana wannan ne gem na farko a duniya, ya ce in kawo hujja. Ku fitar da ni kunya.

Kawu Na Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Ɗan nan naka ya kama ka. Na farkon da aka sayar don a jona a talabijin ɗin gida shi ne Magnavox Odyssey, a Amurka, 1972, kan dala ɗari. Ralph Baer ya ƙirƙiro shi, haifaffen Jamus da iyayensa suka gudu da shi Amurka a 1938. Ko sauti ba ya yi, batir shida yake ci. 'Yan ɗigo farare kawai yake nunawa, sai ka manna leda mai zane a fuskar talabijin, ita ce filin wasan. Maki kuwa da kanka za ka riƙa ƙirgawa, ka ga rigima ke nan tsakanin wa da ƙani.

Naka kwaikwayon Famicom ne, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Ita kanta Nintendo da yin karta tana sayarwa ta fara, tun 1889.

Mai Gyara Beirut Road:
Yallaɓai bindigarka ƙalau take, kar ka kwance ta. Ba harbi take ba, haske take gani. Kana danna kunama sai allon ya yi baƙi cikin ƙiftawar ido, farin akwati ya fito a gurbin agwagwar. In bakinta na saitin wajen, ka ci. Filasma tana ɗan jinkirin nuna hoto, shi ya sa suke saɓawa. Nemo tsohuwar talabijin mai ƙeya.

Ɗan Fagge:
Na gode Kawu, na sha ƙasa. Mai ƙeyar kuwa bara Hajiya ta bai wa 'yan gwangwan. Wa yake da ita a Fagge ya ara min zuwa Asabar?