Gem ɗin farauta na koyar da farautar gaske kuwa?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Masana, wanda ya ƙware a gem ɗin farauta na kwamfuta irin su theHunter: Call of the Wild ko Way of the Hunter, me zai ɗauka ya shiga daji da shi, me kuma zai bari a kwamfuta? Wasu na cewa gem ɗin har ladabin farauta yake koyarwa. Haka ne?

Malam Saiti: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai abin ɗauka. theHunter, da ya fito a 2017, yana tilasta maka lura da iska: in ta taso daga bayanka zuwa wajen dabba, ta shaƙi warinka ta tsere. Yana koya maka harbin huhu, wato bayan kafaɗa kaɗan in dabbar ta ba ka gefe, kuma makinka na raguwa in ka yi amfani da harsashin da bai dace ba ko ka wuce harbi biyu. Duk wannan daidai ne.

Amma linzamin kwamfuta ba ya dukan kafaɗa. Sabon maharbi, don tsoron bugun bindiga, yakan fizge kunamar bindiga maimakon ya matsa ta a hankali, sai bakin bindigar ya kauce. Wurin da ake so a samu a ƙirjin barewa faɗinsa bai fi santimita 20 ba, ga shi harsashin .308, wani nau'in harsashin farauta, in an saita bindigar a mita 100, yana faɗuwa kusan santimita 40 kafin ya kai mita 300. Wanda ba ya iya zuba harsashi biyar a jere cikin da'ira mai wannan faɗin, daga wannan nisan, bai kamata ya harbi mai rai daga can ba.

Mai Bin Sawu: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai babban giɓin yana bayan harbi. A gem sawu da jini suna walƙiya a allo, bi kawai za ka yi. A daji jinin ne ke ba ka labari. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, jira kamar minti 30 ka bi. Ja mai duhu, hanta ce, ba ta awa 4 ko fiye. In ka ga ruwa kore-kore mai wari da ɓurɓushin ciyawa, tumbi ka fasa, jiran kan kai awa 8 zuwa 12. Dalili kuwa, dabbar da ta ji rauni takan kwanta kusa. In ka yi gaggawa ka tashe ta, sai ta yi nisa, jinin ya ɗauke, ta mutu a inda ba za ka gan ta ba. A ƙasa mai zafi wannan jiran na iya lalata naman, shi ya sa harbin ciki asara biyu ne.

Sannan kafin ka taɓa kunama, me ke bayan dabbar? Harsashi na ratsa ta ya wuce. A gem babu makiyayi a bayan tudu.

Hajiya Mai Doka: Ladabin dai ba a maki yake ba. A Amurka, jihar New York ta wajabta kwas ɗin koyon farauta tun 1949, a Jamus kuwa sai ka ci jarrabawa mai tsauri kafin a ba ka lasisi. Akwai lokacin da aka hana harbi don dabbobi su hayayyafa, akwai iyakar adadin dabbobin da za ka harba, a jihar Alaska ta Amurka ma barin nama ya ruɓe laifi ne. Gem kuwa kai da ƙaho yake ba ka, babu fiɗa, babu dakon nama. Ga musulmi kuma, sai ya yi bisimilla kafin ya harba, in ya tarar da ita da rai ya yanka, kuma hadisi ya hana mayar da abu mai rai abin gwada saiti.

Ɗan Kurmi: Na gode. Malam Saiti, harsashi biyar ɗin nan, a tsaye ake gwadawa ko bindiga na kan madogara?

Malam Saiti: Yadda za ka harba a daji, haka za ka gwada. In a durƙushe ne da sanda, to a durƙushe da sanda.