Yaya zan rubuta wa malamin ɗana da Turanci ba tare da ya ji haushi ba?

Uwar yara, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana bana zai zana BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, malaminsu na ƙarin darasi kuma yana riƙe su har bayan la'asar, kullum sai ya rasa Islamiyya. Ina so in tura masa saƙo ya riƙa sallamar yaron da ƙarfe 3. Babbar 'yata ta ce in rubuta "I would rather you released him at three". Abin da ya ɗaure min kai, me ya kawo "released" alhali maganar gobe nake yi? Kuma mutumin yana ƙoƙari da yaran nan, ba na so ya ga kamar umarni nake ba shi.

Malamin Turanci, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. 'Yarki ta yi daidai. Idan ke za ki yi aikin, "I would rather go" kawai za ki ce. Idan wani kike so ya yi, sai aikatau ya ɗauki siffar abin da ya wuce: "I would rather you went", ko "I would rather you didn't go". Ba jiya ake nufi ba, alama ce cewa buri ne, bai tabbata ba tukuna. Mu ma haka muke sassauta magana mu ce "da za ka taimaka ka sallame shi". Shi "prefer" hanyarsa daban, da "to" yake tafiya: "I would prefer you to release him". Haka "want": "I want you to come", ba "I want that you come" ba, wanda ɗalibaina ke yawan rubutawa saboda sun ɗauko ginin "ina so ka zo". Amurkawa kan ce "I would rather you go", amma yaro mai shirin jarrabawar WAEC ya riƙe na Ingila.

Mai shago, Kejetia:
Malam, nahawu ya fita, amma ni ba zan tura wa malamin ɗana "I would rather" ba. Wannan maganar uwar ɗaki ce da yaran shagonta. Hajiya, ki fara da gaisuwa da godiya, ki faɗi dalilin Islamiyyar, sannan roƙon ya biyo baya. In da hali ma ki taka ki same shi, ya fi saƙon waya.

Ɗalibi, jami'ar KNUST, Kumasi:
Mama, ki dai guji "I wish you would release him". Ƙorafi ne na wanda ya gaji da faɗa.

Uwar yara, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. To wace jimla zan sa bayan gaisuwar?

Malamin Turanci, Asawase:
Maganar mai shagon Kejetia gaskiya ce. Ki rubuta: "I would be grateful if you could release him at three, because he attends Arabic school." Ki kuma tambaye shi ko akwai aikin da yaron zai ƙarasa a gida, don ya san ba ki raina darasin nasa ba.